Hular Zailani

Idan ka bar garin Babban Mutum ka miƙe arewa kamar mai shirin faɗawa Nijar, akwai wata hanya da ke ratsewa hannun dama, wadda yanzu ko ɗan acaɓa sai ka roƙe shi kafin ya yarda ya bi ta. A ƙarshenta Tudun Alli yake, ko in ce nan yake a da. Gari ne na masu haƙar farar ƙasa. Ba noma ya tara su ba, ba kiwo ba, don ƙasar wurin ko gujiya ba ta karɓa da daɗin rai. Rami ya tara su. Maza su haƙo, mata su daka su tankaɗe, manyan motoci su zo su kwashi buhuna zuwa kamfanonin fenti na Kano. Kowa a garin fari fat yake tun daga gira har dunduniya, har mutanen Zango suna yi musu tsiya, wai ɗan Tudun Alli ko wanka bakwai ya yi in ya zauna a tabarmarka sai ya bar maka shaida.

Badaru shi ne sarkin rami. Ba sarautar rawani ba ce, ba kuma wanda ya naɗa shi. Shi ne dai wanda zai ƙwanƙwasa bango da bayan diga ya saurara, ya ce a nan a ci gaba, a nan kuma a bar ginshiƙi. Shekara ashirin da biyu yana wannan aiki ba a taɓa rasa rai ko ɗaya ba, kuma bawan Allahn nan ba ya bari a manta. Ko gaisuwar safe kuka yi sai ya san yadda ya saƙo zancen a ciki.

Babban raminsu shi ake kira Uwar Rami, kuma ƙasarsa ce ta yi wa garin suna. Da igiya ake sauka, gaba goma sha biyu, daga nan lunguna su rarrabu a ƙarƙashin ƙasa, kowa da nasa lungun da fitilarsa. Wanda ya yi nisa ko ihu aka yi daga sama ba zai ji ba. Shi ya sa suke da al'adarsu tun zamanin waɗanda suka fara haƙa. A bakin ramin an kafa wata gwafa mai rassa, duk wanda zai sauka sai ya cire hularsa ya rataya a kai, in ya fito ya ɗauki abarsa. Ba a ƙirga mutane, ba a kiran suna. Gwafa ake duba. In akwai hula ko ɗaya, sai a sauka a nemo mai ita. In babu, a janye igiya a rufe bakin da kwano. Kuma ba a taɓa hular wani, ko ɗan'uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya. Badaru da kansa ya taɓa marin wani ƙato a kan haka.

To, a daminar farko bayan an ƙaddamar da shari'a a jihar, wata ranar Alhamis bayan azahar, Badaru ya zo wucewa ya ga wata akuya ta fizgo hula daga gwafar tana tauna. Ya kore ta, ya ɗauki hular, ya kakkaɓe. Ya gane ta, ta Zailani ce, wata shuɗiya da bakinta ya fara zarewa. Zailani matashi ne mai ƙarfi, mai son shiga lungu mafi nisa, don a can ƙasar ta fi haske. Badaru ya ɗaga hannu zai mayar da ita ke nan sai ya ji hayaniya a wurin lodi. Mainasara direba ne ke zage-zage, wai an jera masa buhuna a karkace za su kayar masa da mota. Sai Badaru ya tura hular a aljihun rigarsa ya nufi can, da niyyar yanzun nan zai dawo.

Rigimar lodi ba ta ƙare ba sai ga hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, irin wanda ba ya jiran kowa. Badaru ya daka tsawa a fito a rufe. Aka buga ƙarfe, mutane suka yi ta fitowa suna fizgar hulunansu suna gudu gida. Dabo ne mai igiya, mutum mai tsoron Allah, wanda ko kaza ba ya iya yankawa sai ya kau da kai. Ya dubi gwafa ya ga wayam, ya sake dubawa don ya tabbata, sannan ya janye igiyar ya nannaɗe, ya ja kwano ya rufe, ya ɗora dutse. Ya yi aikinsa daidai yadda aka koya masa, ba wanda zai ce ya yi kuskure.

Ruwan da aka yi ranar nan, tsofaffi sun ce ba su taɓa ganin irinsa ba. Ƙoramar bayan gari ta cika ta tumbatsa, ta bar hanyarta ta biyo ta kan ramukan.

Da gari ya waye, bayan an fito daga masallaci, Badaru ya sa hannu a aljihu zai ɗauko goro, sai ya ji tsumma. Ya ciro ya duba. Ya ce shi dai bai san lokacin da ya isa bakin ramin ba, ko takalmi babu a ƙafarsa. Amma ina bakin rami yake? Uwar Rami ta rufta gaba ɗaya, ba kwano, ba gwafa, sai wani tafki na farin ruwa kamar an dama kunu, yana kwance lum. Ya tsaya shi kaɗai. Ya san babu mai rai a ƙarƙashin wannan. Ya waiga dama, ya waiga hagu, ba kowa. Sai ya dunƙule hular da dutse a ciki ya jefa tsakiyar ruwan.

A lokacin ba hirar da ake yi a majalisa sai ta shari'a. Kowa ya zama malami, wannan ya ce ƙisasi, wancan ya ce diyya raƙumi ɗari, duk wanda ya saurari rediyo da safe sai ya zo ya yanke hukunci da yamma. Badaru ya ji tsoro, gaskiya ne. Amma kar in yi masa ado in ce tsoron alƙali ne kaɗai. Shekara ashirin da biyun nan ce ta tsaya masa a wuya. Ya kasa tunanin ranar da za a ce sarkin rami, mai marin mutane a kan hula, shi ne ya sa ta wani a aljihu.

Da hantsi Haulatu, matar Zailani, ta fito da 'yarta Zulfa a goye tana tambaya gida gida, don ta ɗauka ruwa ne ya tsare shi a wurin abokai. Jama'a suka taru. Dabo ya rantse gwafa ba hula ko ɗaya lokacin da ya rufe, ke nan mutum ya fito. Wani ya tuna cewa Zailani ya daɗe yana zancen tafiya Libiya, ya ce ya gaji da cin ƙasa. Haulatu ta sunkuyar da kai ta ce ai ko jiya da safe a kan haka suka yi faɗa, har ya fita bai karya ba. Sai idanu suka koma kan Badaru, don shi ake jira ya yi magana a kowane abu.

"Na hange shi," in ji Badaru. "Kafin hadarin nan. Ya bi hanyar iyaka."

Shi ke nan, magana ta zauna. Haulatu ta ce amma ko riga ta biyu bai ɗauka ba, aka ce mata ai haka masu tafiyar nan suke yi, a ɓoye suke sulalewa don kar a hana su. Mata suka yi ta Allah wadai, maza suka ce yaran yanzu ba su da amana. A ranar har godiya aka yi wa Allah a masallaci da ya sa ramin bai rufta da kowa a ciki ba, kuma Badaru na sahun gaba ya shafa.

Da damina ta wuce ruwan ya janye, matasa suka zo da digoginsu suka ce a sake buɗe Uwar Rami, aikin wata biyu ne in an haɗa ƙarfi. Badaru ya je ya ƙwanƙwasa ƙasa, ya kara kunne kamar gaske, ya miƙe ya ce ta ruɓe, duk wanda ya sa diga a nan ya haƙa kabarinsa. Wa zai yi musu da sarkin rami? Suka koma ƙananan ramukan yamma, waɗanda ƙasarsu ke da jan ratsi-ratsi. Mata su tankaɗe har hannu ya yi kanta, amma ba ta fita fes. Masu saye a Kano suka fara ƙorafi, daga baya suka fara mayar da kaya, daga baya kuma aka ji sun sami wani wuri a kudancin jihar. Mota biyar a mako ta koma biyu, ta koma ɗaya, ta koma sai an gani.

Duk shekara sai an sake tayar da zancen Uwar Rami, duk shekara sai Badaru ya kashe shi. Shekara ta uku har wani ya ce masa a gaban mutane, Sarki, ko dai tsufa ne ya sa maka tsoro? Ya haɗiye, ya ce a kira shi matsoraci, ya ji, amma ba za a haƙa ba. Aka yi ta yaba masa, wai ya fi son rayukan mutane a kan abin duniya. Kai, yabon nan ya fi zagi ci masa rai.

Garin ya fara zubewa ta gefe-gefe. Mai shayi ya fara tashi, sai mahauci, sai mai injin niƙa ya kwance injinsa ya ɗora a amalanke. Malamin firamare ɗaya tilo da aka turo musu ya tafi hutu bai dawo ba. Matasa suka watsu, wasu acaɓa a Daura, wasu dako a Kano. Wanda zai tashi sai ya cire kwanon ɗakinsa da ƙofa ya tafi da su, damina ɗaya ta isa ta kwantar da bangon. Liman ma da ya ga sahu ya koma mutum bakwai sai ya ce zai je duba 'yan'uwa a Baure. Badaru yana zaune a ƙofar gidansa yana kallon kowace mota da ta fita da kaya, yana sane sarai da abin da ya kore su. Ya rame, ya daina zancen shekara ashirin da biyu, goro ma ya fita a ransa.

Haulatu kuwa tana nan. Ita ba mai aure ba, ita ba bazawara ba, ba takaba ba saki. Badaru ya ɗauki nauyin aika mata da gero duk kaka, da atamfa da salla, in ya je kasuwar Babban Mutum ya riƙo wa Zulfa dabino. Yarinyar da ta hango shi sai ta rugo tana Kaka, Kaka, shi kuwa ya kasa kallon fuskarta, don goshin ubanta ne sak. Mutane suka ce samun dattijo irin Badaru sai an tona.

Da shekara huɗu ta cika, yayan Haulatu ya zo daga Zango ya ce shari'a ta ba ta hanya. Matar da mijinta ya ɓace, in ta kai ƙara aka bincika, alƙali na iya raba ta da igiyar ta yi idda ta sami wani. Sai dai za a nemi wanda ya yi masa ganin ƙarshe ya zo ya faɗa a gaban alƙali, wataƙila har da rantsuwa. Da Badaru ya ji haka sai zazzaɓi ya kwantar da shi, kuma ba na ƙarya ba ne, kwana tara yana rawar ɗari. Ashe ma wahalar banza ya sha, don Haulatu ce da kanta ta ƙi. Ta ce ba alƙalin da zai sake ta, wanda ya ɗaura shi zai dawo ya kwance da bakinsa. Yayan ya yi faɗa har ya gaji, ya hau babur ɗinsa ya koma.

A bazarar shekara ta shida rijiyar garin ta ƙafe, saura laka, kuma babu majiya ƙarfin da za su yashe ta. Gida shida suka rage. Suka yi shawara suka aika wa Mainasara, wanda ya daɗe da komawa dakon shanu, ya zo ya kwashe su gaba ɗaya, wasu ya sauke su a Zango wasu a Daura. Badaru zai koma wurin ɗansa mai gyaran babur a Daura.

Ranar tafiya tun da sassafe aka ɗora gadaje da tukwane da turame da awaki. Aka ƙirga gidaje, biyar. Haulatu ba ta ɗaure ko tsinke ba. Mata sun je sun yi magiya sun dawo. Mainasara ya fara danna ham, ya ce shi fa rana na yi masa. Sai Dabo ya leƙo daga saman kaya ya ce, Sarki, kai kaɗai take jin maganarka, je ka lallaso ta mana, ba ma bar mace da yarinya a kango ba.

Badaru ya tafi yana jan ƙafa. Ya yi sallama a bakin dangar, ta amsa ta ce ya shigo, ai ba sauran wanda za a yi wa kunya a garin. Ya same ta zaune a kan turmi tana tankaɗen farar ƙasar da ba mai saye. Ta tura Zulfa ta kawo masa tabarma, ya ce a bar shi, ya tsuguna a ƙasa. Ya ce mata ba ruwa, ba maƙwabci, ba mai kai ta asibiti in ciwo ya zo. Ta ce ta sani, Allah na nan.

"Baba, ku tafi kawai," ta ce. "Mutane suna tsammanin so ne ya zaunar da ni. Wallahi ba so ba ne. So nake ya dawo ya same ni a daidai inda ya yar da ni, in dubi tsabar idonsa. In na tashi ya zo ya tarar ba kowa, ai ya ci bulus."

Badaru ya dubi yarinyar, shekararta takwas, ƙafafunta duk faso. Ya ga yadda za ta kasance bayan motar nan ta tafi, su biyu a cikin kangaye suna kankaro laka a gindin rijiya, suna jiran mutumin da shi ya san inda yake. Ya riga ya kashe garin, wannan ba ya dawowa. Amma waɗannan biyun da ransu. Ya ce wa Zulfa ta je wurin mota ta ce yana zuwa. Ya jira har ta fita.

"Haulatu, bai je ko'ina ba."

Ta tsayar da rariyar.

Ya gaya mata duka, bai rage ba. Akuyar, da aljihun, da rigimar lodi, da abin da ya tarar da safe, da abin da ya jefa a ruwa. Ya ce bai hange shi a hanyar iyaka ba, bai hangi kowa ba. Ya ce ƙasar Uwar Rami ba ta ruɓe ba, lafiyarta lau. Muryarsa tana fita a bushe, kansa a ƙasa, yana jiran ta kurma ihu ko ta jefe shi da taɓarya, kuma da ta yi da ya ji sauƙi.

Ba ta yi ba. Ta ajiye rariyar a hankali a kan ƙwarya. Sannan ta tambaye shi abu ɗaya, ko da ransa lokacin da aka janye igiyar. Ya ce da ransa.

"Shekara shida, Baba," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Duk sallar da na idar sai na kai ƙararsa wurin Allah. Ko sau ɗaya ban ce Allah ya jiƙansa ba. Yarinyar nan na koya mata ubanta mutumin banza ne, in ta ambace shi har dukanta nake yi. Kuma kullum ta kansa nake bi in tafi rijiya."

Badaru ya buɗe baki zai ce ta yafe masa, ya ga ba shi da fuskar roƙon wannan. Hawaye ya bi gemunsa ya ɗiga a ƙasa. Ya ce ta kai shi gaban alƙali, duk abin da aka yanke ya karɓa. Ta ce wannan yana nan zuwa, ba yau ba. Ta miƙe ta jawo mayafinta daga kan danga ta yafa, ta ce mutum yana kwance shekara shida ba a yi masa salla ba, ga maza can a kan mota za su tafi, in suka watse ba mai sake tara su.

"Je ka sauko da su. Da bakinka za ka faɗa musu, yadda ka faɗa musu waccan."

Ya fito. Tsakanin gidan da motar bai fi taku ɗari ba, amma sai da ya tsaya sau biyu. Ba mutanen da suka rasa garinsu yake tunani ba, ko da yake suna da haƙƙi a kansa su ma. Dabo yake tunani. Mutumin nan shekara shida yana barcinsa lafiya, yana gode wa Allah da ya sa ya rufe rami ba kowa a ciki, yanzu kuma shi zai je ya ɗora masa abin da zai kwana da shi ya tashi da shi har ya mutu, alhali ba laifinsa.

Mainasara ya tayar da mota da ya hango shi. Dabo na zaune a kan buhun gero a can sama, jikarsa a cinya, yana dariyar wani abu da aka faɗa. Ya ɗago hannu ya tambaya ko ta yarda.

Badaru ya ce wa direba ya kashe mota. Ya ce maza duka su sauko, a nemo sauran ruwan da ke jarka kowa ya yi alwala.

"Alwala kuma da hantsin nan, Sarki?" in ji Dabo, dariyar ba ta gama barin fuskarsa ba. "Wa ya rasu?"

Badaru ya dafa jikin motar.

"Miƙa yarinyar nan ka sauko tukuna, Dabo," ya ce. "Kai zan fara gaya wa."